Lafiyar ƴan makaranta: ta ina za mu fara?

A cikin rangadin da nake yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci, nakan leƙa makarantar boko ta garin da na sauka. Wata rana, a farkon kaka, na shiga wani aji na tarar da wuraren zama da yawa babu kowa. Na tambayi malami: "Ina yaran?" Ya ce: "Wasu masassara, wasu zawo, sauran kuwa ban sani ba." Wannan "ban sani ba" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Yaron da ya yi mako biyu kwance, kafin ya dawo ƴan ajinsu sun wuce shi. In abin ya yawaita, sai ya faɗi jarrabawa, uba ya ce boko bai karɓe shi ba, ya mai da shi gona. Alhali kuwa ba basira ya rasa ba, lafiya ya rasa. Mutane da yawa suna zaton gyaran wannan sai wata ƙungiyar agaji ta zo da mota da kuɗi. Ba haka ba ne. Aikin yana farawa da zama ɗaya da littafi ɗaya.

1. A zauna

Ba sai an kafa sabuwar ƙungiya ba. Kwamitin kula da makaranta, wanda muka saba kira Kojes, shi zai kira taro. A gayyaci maigari, da liman, da malamai, da ma'aikacin gidan likita mafi kusa. Kada a bar iyaye mata a baya, domin su ne suke kwana da yaro in ba shi da lafiya.

2. A ƙidaya

A sami littafin rubutu, a ja layi huɗu: rana, sunan yaro, ajinsa, da dalilin rashin zuwansa. A cika shi kullum har wata guda. Ya ku waɗanda kuka koyi karatu da rubutu, ga inda iliminku zai yi rana. Malami yana da aji a gabansa, amma ku kuna iya shiga gida ku tambayi uwa abin da ya hana ɗanta fitowa.

Bayan haka a zagaya makarantar da ƙafa. Ina yara suke shan ruwa? Randar a rufe take? Akwai salga? Akwai ta ƴan mata dabam? Abincin da ake tallansa a bakin ƙofa a rufe yake, ko ƙuda na bin sa?

3. A zaɓi abu biyu kawai

Wanda ya ɗauki aiki goma lokaci guda, ba ya gama ko ɗaya. A bar littafi ya nuna abin da ya fi kayar da yara.

In zawo ne, a fara da ruwa da hannu. A rufe randa, a rataye moɗa mai dogon hannu. A rataye jarka kusa da salga, a ajiye sabulu, in babu a sa toka. Yaro ya wanke hannu bayan ya fito, da kuma kafin ya ci abinci. In za a gina salga, ta yi nisan mita 30 aƙalla daga rijiya. Ta ƴan mata ta zama da ƙyaure, domin yarinyar da ta fara girma takan zauna gida in ba ta da wurin ɓuya.

In fitsarin jini ne, wannan tsargiya ce, ba alamar balaga ba. Ana kamuwa da ita wajen wanka a tabki, da gulbi, da magudanan noman rani. Tun 2004 ƙasarmu ta fara rabon maganinta ga yara masu shekarun makaranta. Aikin kwamiti shi ne ya san ranar rabo, ya sanar da iyaye, ya tabbatar kowane yaro ya ci abinci kafin ya sha.

4. A rubuta suna da rana

"Za a yi" ba ya gina salga. A rubuta: wane aiki, wa zai yi shi, wace rana, nawa zai ci. In an yanke dala goma ga kowane gida domin sabulu, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a.

5. A bi lokutan shekara

Ana komawa makaranta a Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ba ta riga ta lafa ba: a tambayi kowane gida gidan sauro. Daga ɗari zuwa bazara lokacin sanƙarau ne da gobara. A 2021 wuta ta hallaka yara aƙalla 20 a azuzuwan kara a Yamai, da aƙalla 25 a Maraɗi. Saboda haka kada a hura wuta kusa da ajin zana, kuma kowane aji ya sami mafita biyu.

Gargaɗi

Malami ba likita ba ne, kada ya raba ƙwayoyin kasuwa. Yaron da jikinsa ya yi zafi tare da sandarewar wuya, ko jijjiga, ko amai ba tsayawa, a kai shi gidan likita nan take. Tun yau a san amalanke ko babur ɗin wa za a nema.

Bayan wata uku a sake buɗe littafin, a gwada da watan fari. Manyanmu suna tune da yadda kurkunu yake kwantar da manomi cikin damana. Da tace ruwa da ƙidayar masu ciwo gari gari aka kore shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wa zai riƙe littafin a garinku?