Calico: Yadda Dokar Azurfa Ta Mayar Da Gari Kufai, Yawon Buɗe Ido Ya Tashe Shi

A cikin hamadar Mojave ta jihar Kaliforniya, kusa da garin Barstow, a gefen babbar hanyar da ta haɗa Los Angeles da Las Vegas, akwai wani kufai mai suna Calico. A yau iyalai ne ke kafa tanti a gindin duwatsunsa suna kwana, da safe su bi tsoffin hanyoyin masu haƙar ma'adinai.

An gano azurfa a wurin a shekarar 1881. Kafin a ankara, ramukan haƙa sun kai ɗaruruwa, gari ya kafu da makaranta da gidan waya da shaguna, har da unguwar 'yan ƙasar Sin. Amma ran garin a hannun 'yan majalisar Washington yake. Dokar Sherman ta 1890 ta wajabta wa baitulmalin Amurka sayen oza miliyan 4.5 na azurfa duk wata. Da tattalin arziki ya durƙushe a 1893, Shugaba Grover Cleveland ya matsa aka soke dokar, farashi ya faɗi warwas. Azurfar ba ta ƙare a ƙasa ba, haƙo ta ne ya daina biyan wahala. Haƙar sinadarin boraks ta ɗan riƙe yankin, ita ma ta tsaya a 1907, mutane suka watse.

Wanda ya farfaɗo da garin shi ne Walter Knott, mai gidan shaƙatawar nan na Knott's Berry Farm. Ya sayi Calico a 1951, ya sake gina shi bisa tsoffin hotuna, sannan ya miƙa shi kyauta ga gundumar San Bernardino a 1966. A nan taƙaddamar take. Gine-gine kusan biyar ne kacal na asali, sauran kwaikwayo ne, kuma yawancinsu shagunan tsaraba ne. Jihar ta bi wata hanya dabam a Bodie, kufan masu haƙar zinariya da ya zama gandun tarihi a 1962: ana tokare gini don kada ya rushe, amma ba a sabunta shi. Bodie ya fi faɗin gaskiya. Sai dai wanda ya ce Knott ya ɓata tarihi, ya kamata ya tuna cewa garuruwan haƙa da dama da ba su sami mai kula ba, ko harsashinsu ba a gani yanzu.

Mai neman ainihin Calico sai ya fita bayan gari. Kwazazzaban Odessa da Doran da Mule suna ratsa duwatsu masu launi-launi, wasu sassan ba sa biyuwa sai da mota mai jan ƙafa huɗu ko a ƙasa. Can ne ake ganin bakunan ramuka da tulin tarkacen dutse kamar yadda aka bar su. Tsoffin ramukan na iya ruftawa, wasu kuma babu isasshiyar iska a ciki, don haka ramin Maggie da aka gyara domin baƙi shi ne na shiga. Zafin bazara kan haura digiri 40, ruwan sama ko da daga nesa ya sauka kan cika kwazazzabo cikin ɗan lokaci, shi ya sa masu zango suka fi zuwa tsakanin Oktoba da Afrilu.