Rafin Da Aka Fi Shekara Sittin Ana Aunawa

A daminar bara Malaminmu na labarin ƙasa ya ɗora mini aikin duba ma'aunin ruwan sama da ke bayan ɗakin kimiyya. Kowace safiya kafin a shiga aji sai in je in tsiyaye ruwan da ya taru, in auna, in rubuta a littafi. Da farko na yi murna, amma da tafiya ta yi tafiya sai abin ya gundure ni. Akwai makon da na yi kwana uku ban je ba, na zauna a ɗakin kwana na ƙaga lambobi na cike gurbin. Ashe Malam ya lura, don na rubuta an yi ruwa ranar da ko ɗigo bai sauka ba. Bai buge ni ba. Ya ce, "Kai yaro, zauna in ba ka labarin wani rafi." Na bi diddigin labarin a littattafai daga baya, shi ne nake so in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Sunan rafin Hubbard Brook. Yana cikin jihar New Hampshire, a arewa maso gabashin Amurka, tsakanin duwatsu masu kurmi inda ƙanƙara ke rufe ƙasa lokacin sanyi. A shekarar 1955 hukumar gandun daji ta Amurka ta keɓe wurin domin bincike. A 1963 wasu masana huɗu, watau Herbert Bormann da Gene Likens da Noye Johnson da Robert Pierce, suka soma aikin da har yau ba a daina ba.

Dabararsu mai sauƙi ce. Ƙarƙashin dajin akwai shimfiɗaɗɗen dutse wanda ruwa ba ya ratsawa, saboda haka duk ruwan da ya sauka a wani kwari, in ban da wanda itatuwa suka sha ko iska ta ɗauke, dole ya fita ta ƙoramar wannan kwari. Sai aka tare bakin kowace ƙorama da ɗan ginin siminti, aka bar wata tsaga da ruwan zai bi, aka kafa na'ura mai rubuta yawansa dare da rana. Kowane mako kuma sai a ɗebi ruwan sama da na ƙorama cikin kwalabe a kai ɗakin gwaji. Kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta abin da ya shigo kanti da abin da ya fita, haka suke yi wa daji lissafi.

Abu na farko da suka gano ba shi suka je nema ba. Ruwan saman da suka tara yana da tsami ƙwarai. Masana suna auna tsami da wani ma'auni mai suna pH, wanda in lambarsa ta sauka da mataki ɗaya, tsami ya ninka sau goma ke nan. Ruwan sama mai tsabta yakan tsaya wajen 5.6, amma na Hubbard Brook yana wajen 4. Suka yi shekaru suna aunawa kafin su tabbata, sa'an nan a 1972 suka bayyana wa duniya cewa ana ruwan sama mai guba a Amurka ta Arewa. Daga baya aka gane tushen abin: hayaƙin farar wuta ne daga manyan tashoshin lantarki masu ƙona kwal, iska ke kwaso shi daga nisan ɗaruruwan mil, ya gauraya da gajimare ya sauko tare da ruwa.

Abu na biyu gwaji ne da suka yi da gangan. A lokacin sanyin 1965 zuwa 1966 suka sare dukan itatuwan wani kwari, suka bar su kwance a wurin, suka yi shekara uku suna fesa maganin kashe ciyawa don kada kome ya tsiro. A shekarar farko ruwan da ke fita ta ƙoramar ya ƙaru da wajen kashi 40 cikin ɗari, don babu saiwar da za ta sha shi. Sinadarin naitiret kuwa, irin wanda ke cikin takin zamani, ya ninka fiye da sau 40 a cikin ruwan. Ma'ana, da aka rasa itatuwa, abincin ƙasa sai ya bi ruwa ya tafi. Da ba su da lissafin kwarin da ke kusa, wanda ba a taɓa ba, da ba su san girman asarar ba.

To, sanin gaskiya daban, a yarda da ita daban. A 1983 Likens da abokan aikinsa suka je suka yi wa Shugaba Ronald Reagan bayani, amma sai a 1990 majalisar Amurka ta gyara dokar tsabtace iska, ta tilasta wa tashoshin lantarki rage hayaƙin. Masu musu sun yi ta musu, amma sun kasa ƙaryata lambobin da aka tara mako bayan mako. Yanzu awon ruwan saman wurin ya haura 5.

Duk da haka daji bai warke nan da nan ba. Da masana suka koma kan tsofaffin lambobinsu, a 1996 suka nuna cewa ruwan mai tsami ya wanke sinadarin kalsiyam da yawa daga ƙasar, sinadarin da ke gina ƙashinmu, wanda itatuwa ma ke bukata. A 1999 suka watsa garin wani dutse mai kalsiyam a kan kwari guda da jirgin sama mai saukar ungulu. Cikin shekarun da suka biyo baya itatuwan kwarin suka farfaɗo, suka fi na maƙwabta girma. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma ɓarna ma sannu take zuwa, ido ba ya ganinta sai alƙalami.

Wannan labari ya sa na tuna da ƙoramar ƙauyenmu. Kakana yakan ce sa'ad da yake yaro ba ta ƙafewa sai bazara ta yi nisa, yanzu kuwa kafin a gama girbi ta zama yashi. Wasu sun ce sare itatuwan bakinta ne, wasu sun ce ruwan sama ne ya ragu. Gardamar ba ta ƙarewa, domin ba wanda ya taɓa aunawa ya rubuta.

Na koma wurin Malam na roƙi gafara, muka ja layi a kan kwanakin nan uku muka rubuta "ba a auna ba". Ya ce gurbin da aka bari fili ya fi lambar ƙarya, don wanda zai buɗe littafin nan bayan shekara talatin ba shi da wanda zai tambaya. Bana ma ni ke riƙe da littafin, kuma ina roƙon wanda zai gaje ni ya riƙe shi da amana.