Layin Farko Shi Ne Lissafin: Ɗaliban Tudun Wada da Aikin Gida

Bayan la'asar, duk wanda ya ratsa Tudun Wada ta Gombe zai ga ɗalibai uku-uku, huɗu-huɗu a gindin bishiya ko ƙofar ɗakunan haya, sun duƙufa kan takarda guda. A unguwar nan Jami'ar Jihar Gombe take tun kafuwarta a 2004, zamanin Gwamna Muhammad Ɗanjuma Goje, kuma wanda ya shigo karanta kimiyya ba shi da makawa sai ya bi ta kan lissafi da fiziks a shekararsa ta farko. Takardar da ake duƙufa a kai ita ce asaimen. Makinta bai kai na jarrabawa ba, shi ya sa da yawa ke raina ta. Ni kuwa a ganina, a kanta ake koyon lissafin, ba a ɗakin lakca ba.

A aji, malami yana warware tambaya a allo, kowane layi na bin na gabansa sumul, ɗalibi yana gyaɗa kai. Ya gane kuwa, amma irin ganewar wanda ya wuni a shagon tela yana kallo. A miƙa masa almakashi da shadda, a nan za a san inda aka kwana.

Ga irin tambayar da ake bayarwa a kalkulas. Mai lambu yana da wayar shinge mita 100, yana so ya kewaye fili mai kusurwa huɗu a jikin wata doguwar katanga, wato ɓangare uku kawai zai shinge. Yaya zai ja wayar ya samu fili mafi girma? Yawancin mutane za su ce a raba ta uku daidai, abin da zai ba da murabba'in mita 1,111 da ɗoriya. Ɗalibi kuwa zai kira faɗin filin x. Faɗi biyu sun cinye 2x, tsawo ya zama 100 − 2x, girman fili ya zama 100x − 2x². Kalkulas yana auna yadda girman ke sauyawa in an ƙara faɗin kaɗan: 100 − 4x. Inda wannan ya zama sifiri, nan ƙaruwa ta tsaya, raguwa ba ta fara ba. Faɗi mita 25 ke nan, tsawo 50, fili murabba'in mita 1,250.

A lura da inda wahalar take. Fitar da 100 − 4x ƙa'ida ce da aka sani tun zamanin Newton da Leibniz, wanda ya buga nasa aikin a 1684. Yaro mai hadda zai iya ta cikin mako guda. Abin da ke cin rai shi ne layin farko: ka karanta labarin mai lambu, ka yanke shawarar me za ka kira x, ka tuna katanga ba ta buƙatar waya. Wanda ya ce wa abokinsa, "Don Allah ɗan'uwa, ba ni naka in kwafa," ko ya ɗauki hoton tambayar ya tura wa manhaja a waya, wannan layin ne ake ba shi kyauta. Kuma shi ne kaɗai abin da aka so ya koya.

Aljabarar layi, mai jadawalin lambobi da ɗalibai ke kira matiriks, ta fi kowane darasi firgita sabon shiga, alhali 'yan kasuwar Tudun Hatsi suna yin ta da ka. A ƙaddara mudu 2 na masara da mudu 3 na wake sun tashi naira 8,000, mudu 1 na masara da 2 na wake kuma naira 5,000. Ninka ciniki na biyu sau biyu, ka cire na farko daga ciki, masara ta fita daga lissafin, ya rage mudun wake naira 2,000, na masara 1,000. Wannan dabarar ta share abu ɗaya don a ga ɗayan ita ake jingina wa masanin lissafi Gauss a jami'a, amma tana cikin wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, na kimanin shekara 2,000 da suka wuce, kuma da damin hatsi aka buga misalin a can ma. Kalmar aljabara kanta daga littafin Al-Khawarizmi ta fito, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma kaso mai tsoka na littafin kan wasiyya da rabon gado ne. Ɗalibin da ya taɓa zama gaban malamin fara'ili bai kamata ya ɗauki kansa baƙo a wannan fage ba.

A fiziks kuwa, ma'auni ne ke kayar da mutane. Ruwa mai cika akwatin mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa kilo 1,000 ne. In ya faɗo daga tsayin mita 10, yana ɗauke da makamashi kusan jul 98,000. In haka na zuba kowace daƙiƙa, kilowat 98 ke nan kafin a cire asarar inji. Da irin wannan lissafin ake fahimtar megawat 40 na tashar lantarkin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Ɗalibin da ya manta ya mayar da santimita mita zai samu amsar da ta kauce ninki ɗari. A 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas saboda ɓangare ɗaya ya yi aiki da ma'aunin fam, ɗayan da na niyuton.

Ba na cikin masu cewa a jefar da waya. Manhaja na da amfani, amma bayan an yi gumi: ka zauna da tambaya rabin sa'a, ka ɓata takarda, ka san takamaiman layin da ka maƙale, sannan ka nemi taimako a kan wannan layin kaɗai. Ka rufe amsar, washegari ka sake warwarewa daga farko.

Abin da ya fi faranta mini rai a zaman gindin bishiyar nan shi ne harshen da ake yi. Tambaya da Turanci take, amma bayani da Hausa yake fita, wani lokaci da Fulatanci. "A'a, ba haka ba, wannan in ya tsallaka alamarsa ce ke juyawa." Wanda ya iya faɗin abu da harshen gidansu har abokinsa ya ce "yauwa", ya riƙe shi ke nan. Na taɓa ganin wata ɗaliba ta ƙi yarda da amsar mai lambun nan, duk da kowa ya samu 25. Ta ɗauki biro ta gwada faɗi 24, tsawo 52, ta samu 1,248. Ta gwada 26 da 48, ta sake samun 1,248. Sai a lokacin ta ja layi biyu a ƙarƙashin 1,250, ta juya shafi zuwa tambaya ta gaba.