Tubalan Da Aka Gina Jikinmu Da Su

Idan kuka tsaya nesa kuka dubi katangar gidanku, sai ku ga kamar abu guda ce tun daga ƙasa har sama. Amma duk wanda ya taɓa ganin magina suna aiki ya san ba haka ba ne. Tubali suka riƙa jerawa, wani bisa wani, sa'an nan suka bi da yaɓe. To, jikin ɗan Adam ma haka yake. Fata da tsoka da jini da ƙwaƙwalwa, duk an gina su ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu rai, waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Masana sun ƙiyasta akwai wajen tiriliyan 30 a jikin babban mutum. Tiriliyan guda kuwa shi ne miliyan sau miliyan.

Ido ba ya iya ganinsu, sai da madubin likita mai ƙara girman abu. A shekarar 1665 wani masani a Ingila, wai shi Robat Huk, ya yanko ɗan siririn ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya sa a madubinsa. Sai ya ga 'yan ɗakuna jere reras kamar saƙar zuma. Bayansa kaɗan wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antoni Lewenhuk, ya duba ɗigon jini da madubin da ya yi da hannunsa, ya ga ashe cike yake da ƙwayoyi.

Ku ɗauki ƙwaya guda kamar gida. Da fari akwai wani tantani da ya kewaye ta, shi ne katanga, kuma yana da ƙofofi kamar zaure. Ba kowa ke wucewa ba. Abinci da ruwa da iska su shiga, shara ta fita. Daga ciki akwai wani ruwa mai kauri, a cikinsa kuwa akwai 'yan murhu da yawa, inda ake ƙona abinci da iskar da muka shaƙa. Ba wuta mai harshe ba ce, amma daga nan ɗumin jiki da ƙarfin gudu da tsalle ke fitowa. Tuwon da kuka ci jiya da dare, can ya ƙare.

A tsakiya akwai cibiya, ita ce turakar maigida. A nan aka ajiye waɗansu zare-zare guda 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. A jikinsu ne umurnin yadda za a gina mutum yake, ko dogo ko gajere, ko baƙi ko wankan tarwaɗa. Shi ya sa za ku ji an ce yaro ya ɗebo hancin ubansa.

Kowannenmu daga ƙwaya guda ya faro. Ta rabu biyu, biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas, har aka sami jariri. Rabuwar nan ba ta tsaya ba. In kun yi tuntuɓe kun ƙuje gwiwa, ƙwayoyin da ke bakin ciwon ne ke ta rabuwa a ƙarƙashin ɓawo, har su rufe wurin. Don haka mai ɓantare ɓawon ciwo yana rushe wa magina aikinsu ne.

Kamar yadda gari yake da maƙera da masaƙa da 'yan aike, haka ƙwayoyi suke, kowace da sana'arta. Na tsoka su ke motsa gaɓoɓi. Na jijiyoyi su ke kai saƙo, akwai ma wadda ta taso daga gadon baya har yatsan ƙafa, tsawonta wajen mita guda. Fararen ƙwayoyin jini kuwa dakaru ne, su ke yaƙar cuta.

Amma bari mu tsaya kan jajayen ƙwayoyin jini, don su ne suka fi yawa. Siffarsu kamar waina ce mai loɓawa a tsakiya, kuma ba su da cibiya. Sai an jera fiye da 100 kafin su cika milimita guda. Aikinsu dako: su ɗauki iska daga huhu su kai ko'ina cikin jiki. Kowace takan yi kamar kwana 120 tana wannan zirga-zirga, sa'an nan ta mutu. Ɓargon da ke cikin ƙashi shi ke yin sababbi, wajen miliyan 2 kafin ku ƙifta ido sau ɗaya, watau a daƙiƙa guda. Waɗannan ƙwayoyi ne cutar zazzaɓin cizon sauro ke shiga tana farfasawa, har a ce yaro ba shi da jini.

Akwai kuma yaran da ake haifa da amosanin jini, wanda ake kira sikila, kuma suna da yawa a ƙasarmu. Su jajayen ƙwayoyinsu sukan lanƙwashe su zama kamar lauje. Waina mai laushi takan wuce ta siririyar hanyar jini sumul, amma lauje sai ya maƙale ya tare hanya. Nan take ciwo mai tsanani ya taso a ƙashi da gaɓoɓi. Ga shi kuma ƙwayoyin ba su daɗewa, kwana 10 zuwa 20 sun mutu, shi ya sa yaron ke saurin gajiya.

Wannan ba maita ba ce, ba kuwa aikin iskoki ba, kuma ba a ɗauka don an ci abinci ƙwarya ɗaya. Gado ne daga zaren nan na cibiya. Sau da yawa uwa da uba lafiyarsu lau, amma kowannensu yana ɗauke da rabin abin. In haka ne, kowane ciki aka samu, cikin kashi huɗu akwai kashi ɗaya na yiwuwar a haifi mai ciwon. Saboda haka ne likitoci ke cewa a gwada jini kafin aure. In akwai mai sikila a ajinku, yana bukatar shan ruwa da yawa, da rigar sanyi lokacin hunturu, da gidan sauro da dare. Ranar da ya ce ƙashinsa na ciwo, ba ragwanci ba ne. Ku gaya wa malam da sauri, a kai shi asibiti.