2.4 Matsalar Haɗa Ƙwaya da Zare a Tsiro Ɗaya: Kittani da Rama

A wannan sashe za a duba dalilin da ya sa masu tace irin shuka ke shan wuya wajen samar da kittani mai ba da ƙwaya da zare a lokaci guda. Kittani, wanda masana ke kira Linum usitatissimum, tsiro ɗaya ne, amma manoma sun daɗe da raba shi gida biyu. Na zare dogo ne, yakan kai mita ɗaya, ba ya rassa sai can sama, kuma a cushe ake shuka shi, kusan ƙwaya 2,000 a murabba'in mita, kamar yadda ake yi a arewacin Faransa. Na mai kuwa gajere ne mai rassa, kowane reshe da 'ya'yansa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na ƙwayar mai ne. Shi ake nomawa a Kanada da Kazakistan da Habasha.

Wato abin da ke ƙara ƙwaya shi ke rage zare, domin inda reshe ya fito, nan dogon zare ke ƙarewa. Abin da ya fi wannan wuya shi ne lokacin girbi. Ana tuge kittanin zare kimanin kwana 100 bayan shuka, kara ya fara rawaya, ƙwaya ba ta gama ƙosawa ba. Idan aka jira ta ƙosa, zaren ya yi kaushi, ya fi dacewa da igiya ko takarda. Saboda haka masu bincike a Indiya suka bi tsaka-tsaki, suka fitar da irin su Gaurav da Jeevan, masu miƙaƙƙen kara da rassa a sama.

Kittani ba amfanin gonar ƙasar Kano ba ne, sanyi yake so. Amma manominmu ya san wannan matsala a jikin rama. Ramar igiya ana yanke ta tana fara fure, a jiƙa a kududdufi, a saɓule ɓawon. Wadda aka bari don iri kuwa ɓawonta ya riga ya tsufa. Bugu da ƙari, rama tana fure ne idan yini ya fara gajarta. Mai jinkirin fure ta fi tsawo da zare, sai dai ruwan Kano yakan ɗauke wajen ƙarshen Satumba, ƙwayarta ba ta cika ba. A ganin mai wannan bincike, lokacin fure ya kamata mai tace irin rama ya fara aunawa, kafin tsawon kara.