Sa Hannun Manomi Wajen Lura da Tsutsar Masara: Misalin Dutsen Abba

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa aikin lura da ƙwarin gona ba zai yi nasara ba sai manomi ya shiga cikinsa. Za mu ɗauki misali da baƙuwar tsutsar nan ta masara, watau Spodoptera frugiperda, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, aka kuma fara ganinta a Nijeriya a 2016. Manoman Dutsen Abba, a ƙasar Zazzau, ba su da nisa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922. Amma duk kusancin nan, malamin gona ba ya iya taka kowace gona a kowane mako.

2.0 Dalilin gaggawa

Uwar tsutsar wani irin malam-buɗe-littafi ce mai tashi da dare, wadda kan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule a jikin ganye. Cikin 'yan kwanaki sai su ƙyanƙyashe. Tun tana ƙarama, tsutsar kan kankare ganye ya yi shara-shara, a lokacin nan kuwa kashe ta ba wuya. In ta girma sai ta shige cikin zuciyar masara ta ɓuya, ta bar kashi kamar garin katako. Daga nan magani ba ya isa gare ta sosai, sai manomi ya yi hasara biyu, ta kuɗin feshi da ta amfanin gona.

3.0 Daga kallo zuwa ƙidaya

Manomi ya saba da zagaya gonarsa. Abin da ya rage shi ne ya mayar da kallon nan ƙidaya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da shawarar a ratsa gona a karkace, a tsaya wuri 5, a duba masara 10 a kowane wuri, a ƙirga waɗanda suka kamu cikin 50 ɗin. Wannan ba ya bukatar ilmi mai zurfi, ko da tsakuwa a aljihu ana iya yin sa. Haka manoman alkama a Ingila suke yi wa dodon-koɗi marar ɓawo: su kifa murfi a kan abincin kaji, da safe su ƙirga abin da ya taru kafin su yanke shawarar zuba magani.

4.0 Kammalawa

Muna ganin ya kamata manoman kowace unguwa su riƙa haɗa ƙidayarsu mako-mako, su miƙa wa malamin gona, shi kuma lalle ya komo musu da amsa, domin wanda ya ƙirga bai ji komai ba, ba zai sake ƙirgawa ba. Kwalejojin ilmi kuwa su koya wa ɗalibai masu shirin zama malamai wannan hanya, su kai ta makarantun ƙauye. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.