Hunhuna a Rumbu, Guba a Jiki

Kaka ta yi, albarkar gona ta shigo gida. Daga Dogon Dutsi har Tibiri ana cirar gujiya, mata suna shirin matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, masarar Binin da Najeriya kuma tana sauka kasuwanninmu. To 'yan uwa, akwai wani ɓarawo da ke shiga rumbu ba da tsani ba. Sunansa hunhuna.

Hunhuna tana kama ƙwayar da ƙwari suka huda, ko wadda aka adana da ɗanyenta. In ta kama, sai ta bar guba a ciki. Dahuwa ba ta kashe gubar nan, suya ma ba ta gama da ita.

Gubar da ta fi bin masara sunanta fumonizin. Masana a Afirka ta Kudu suka gano ta a 1988, a 1991 kuma aka gane yadda take ɓarna. Jikin mutum da na dabba an gina su da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya tana da danga ta maiƙo kewaye da ita. Ta dangar nan abinci ke shiga, ta nan kuma saƙo ke isowa: girma, ko rabu biyu, ko mutu don sabuwa ta maye gurbinki.

Jiki da kansa yake sarrafa wannan maiƙo. Ita fumonizin ta yi kama da kayan da ake haɗa shi da su, sai jiki ya karɓe ta bisa kuskure. Kamar tsakuwa ce ta faɗa injin niƙa: inji ya cije, hatsi ya taru, gari bai fito ba. Kayan da suka taru su zama dafi ga hanta da ƙoda, saƙonni su rikice. Doki ko jaki da ya daɗe yana cin irin wannan masara, ƙwaƙwalwarsa takan lalace, ya riƙa tangaɗi har ya mutu.

Ta gujiya kuwa aflatoksin ce, mai cin hanta. A 1960 ta kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila, bayan sun ci tunkuzar gujiya daga Barazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda masarar da ta kama. Kaɗan-kaɗan ma, in aka jima ana ci, tana kawo kansar hanta.

Mene ne abin yi? A cire gujiya da zarar ta nuna. A shanya ta bisa tabarma, ba a ƙasa ba, har ta yi ƙara cikin kwanso in an girgiza. A gyara rufin rumbu, a ɗora buhuna bisa itace. A tsince duk ƙwayar da ta motse, ta huje ko ta sake launi. Tsintar nan kada a ba yara, kada a zuba ta cikin tunkuza, kada a ba bisashe, don gubar tana iya fitowa a nono. A binne ta ko a ƙone.

Mudu guda da ka zubar ya fi kuɗin asibiti araha. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na karkararsa.